Tattaki da Gudu Bayan Sallar Asuba: Yadda Ake Farawa da Yadda Ake Ɗorewa

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya ba mu aron jiki da numfashi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

'Yan uwa, tambaya ɗaya ce ke ta dawo mana a makonnin nan, wasu a zaure, wasu ta bakin 'ya'yansu. An ga liman da wasu dattawa suna fita bayan sallar Asuba da takalman roba, suna kama hanya da sauri kamar waɗanda mota za ta bari. Ranar farko ma wani bawan Allah sai da ya sauka daga babur ya tare mu, ya ce, "Malam, lafiya? Wa ya rasu?" Muka ce masa babu wanda ya rasu, lafiyar ce muka fito nema. Bai gamsu ba. Mu ma ba mu ga laifinsa ba, domin a garin nan babba ba ya sauri sai da dalili, kuma Bahaushe ya ce in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba.

To, namu sa gudun ya zo, kuma sau biyu ya zo. Na farko a Makka ne, shekarar da Allah Ya nufe mu da sauke farali. Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa sau bakwai ne, jimillarsa wajen kilomita 3, kuma akwai wurin da aka sa koren fitila inda ake so namiji ya ɗan sassarfa. Shekara da shekaru muna karantar da wannan babi muna zaune a kan buzu. Da muka zo yin sa da ƙafarmu, a zagaye na huɗu sai da muka dafa bango muna haki, ga wasu tsofaffi da suka girme mu nesa ba kusa ba suna wuce mu. Na biyu kuwa a asibiti ne, inda aka ɗaura mana abin awo a hannu sau biyu a ranaku daban-daban, duk biyun lambar ta haura 140 bisa 90. Likita ya rubuta magani, sannan ya tambaye mu tafiyar minti nawa muke yi a rana. Muka lissafa: daga gida zuwa masallaci, daga masallaci zuwa makaranta, sauran duk a bayan kabu-kabu. Wallahi kunya ta hana mu faɗin adadin.

Ba kowa wannan magana ta shafa daidai ba. Manomin shinkafa da ke wuni a fadama, da masunci mai tuƙa kwalekwale a kogin Kwara, da ɗan dako mai sauke buhunan albasa da masara a kasuwa daga Juma'a zuwa Lahadi, waɗannan sun riga sun biya bashin jiki, hutu da abinci mai kyau suke bukata. Da masu zama muke: mai shago, da tela, da direba, da masu cike takardun kaya a bakin duwan, da mu malamai, da ɗalibin da ke tashi daga allo ya koma waya. Tun da aka rufe iyakar Gaya a watan Yuli na 2023 harkoki suka ja baya, mutane da yawa da a da ba su da lokacin zama suka koma zaman majalisa, ga shayi mai sukari zagaye uku, ga tunani. Jikin da ya saba kai-komo in aka zaunar da shi haka, ba ya yin shiru.

Shin wannan ba aikin yara ba ne?

Wannan ita ce shubuhar farko, kuma gara a kawar da ita tun da wuri, domin kunyar idon mutane ta fi ciwon gwiwa hana dattijo fita. Abu Dawuda ya ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, cewa ta yi tsere da Manzon Allah (SAW) a wata tafiya ta wuce shi, bayan wasu shekaru da jikinta ya yi nauyi suka sake, shi kuma ya wuce ta, ya tuna mata da na farkon cikin raha. A Umrar ramuwa, shekara ta 7 bayan Hijira, mushirikan Makka sun yaɗa cewa zazzaɓin Madina ya karya Musulmi. Sai aka umarci sahabbai su yi sassarfa a zagaye uku na farkon ɗawafi don a ga ƙarfinsu, kuma har yau alhazai na yin ta. Kowa kuma ya san hadisin da ke cikin Muslim wanda ya fifita mumini mai ƙarfi a kan mai rauni, tare da cewa akwai alheri a dukansu.

Amma wanda muka fi so ɗalibai su riƙe shi ne labarin Salamatu ɗan Akwa'u. Shi ne sahabin da ya bi mahara da ƙafa lokacin da suka kore raƙuman Manzon Allah (SAW), yana gudu yana harbinsu da kibiya, har ya ƙwato dabbobin. A hanyar komawa Madina wani mutumin Ansar da ba a taɓa wuce shi a gudu ba ya yi ta kiran wanda zai kara da shi. Salamatu ya nemi izini ya sauko. Abin lura, bai zuba duk ƙarfinsa tun farko ba. Shi da bakinsa ya ce ya ja da baya na tudu ɗaya ko biyu don ya adana numfashinsa, sai daga baya ya ƙara wuta ya cim masa, ya riga shi shiga gari. Duk abin da masu koyar da gudu ke faɗa yau game da tattalin numfashi yana cikin wannan ƙissa.

Bari mu ɗan ratse, tun da Larabci muke koyarwa. Kalmar da Larabawa ke kiran motsa jiki da ita, wato riyala, asalinta daga horar da ɗan doki ne har ya yarda da linzami. Da ita malaman tarbiyya ke kiran horar da zuciya, daga tushenta kuma aka ciro sunan ilimin lissafi. Ashe tun a harshe an gane cewa jiki da rai da ƙwaƙwalwa hanyar ladabtar da su ɗaya ce, maimaitawa a hankali. Ibnul Ƙayyim ma a Zadul Ma'ad ya yi magana kan motsi, ya nuna matsakaicinsa ne mai amfani, kuma lokacinsa shi ne bayan abinci ya narke.

Wuri ɗaya ne aka hana mu gudu, kuma abin dariya shi ne wurin da muka fi yin sa. In an tayar da iƙama, umarnin shi ne a zo da natsuwa, abin da aka samu a sallata, abin da ya wuce a cika. Matasan da ke shigowa da gudu suna haki don su riski ruku'u, ku adana wannan gudun, ga inda za ku kashe shi nan gaba kaɗan.

Me yake yi wa jiki, kuma nawa ne ya isa?

Zuciya tsoka ce. In ana sa ta aiki a kai a kai tana ƙara ƙarfi, sai ta riƙa tura jini mai yawa a bugu ɗaya, ta rage yawan bugawa lokacin hutu. Kowa na iya gwada wannan ba tare da na'ura ba. Da ka farka, kafin ka tashi, ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ka ƙirga bugun daƙiƙa 15, ka ninka sau 4. Na babba mai lafiya yakan kasance tsakanin 60 da 100 a minti. Rubuta lambar, ka sake dubawa bayan wata biyu na tattaki. Jijiyoyin jini su ma suna saki, shi ya sa mai hawan jini da ya lazimci motsi lambarsa takan ɗan sauka. Tsokar ƙafa kuma in tana aiki tana janye sukari daga cikin jini, abin da mai ciwon suga ke nema ke nan. Sai barci mai nauyi da raguwar ƙuncin rai, waɗanda su ne mutum ke fara gani tun kafin awo ya nuna komai. Amma a ji mu da kyau: tattaki ba ya maye gurbin maganin da likita ya rubuta. Mu da kanmu har yau muna shan namu.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce babba na bukatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani irin gudu. Yara daga shekara 5 zuwa 17 kuwa kamar minti 60 a kowace rana. In ka raba 150 gida biyar, minti 30 ke nan a kwana biyar. Bai kai zaman shayi ɗaya ba.

Yadda za ka gane matsakaici da mai tsanani, bakinka ne ma'auni. In kana tafiya kana iya hira da na kusa da kai amma ba ka iya jan karatu da ƙira'a, kana kan matsakaici. In ba ka iya haɗa kalma uku sai ka tsaya ka ja numfashi, ka shiga mai tsanani, kuma sabon shiga ba shi da aiki a can.

A nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa. Wani ɗan uwa cikin masu sallah tare da mu, ɗan shekara arba'in da wani abu, ya ji wa'azi ya ɗauki zafi, ranar farko ya zuba gudu tun daga unguwa har bayan gari. Kwana uku a zaune ya yi sallah, bai sake fitowa ba sai da aka yi ta lallashi. Ai ko dawaki ba a yi musu haka ba. Ibnu Umar ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya sa tseren dawaki, waɗanda aka horar aka ba su zango mai nisa, mil biyar ko shida, waɗanda ba a horar ba aka ba su kamar mil ɗaya. Mu ma a makaranta ba ma rubuta wa ɗan farin shiga hizbi guda a allo.

Ga yadda muke shawartar mai farawa. Mako biyu na farko tafiya kawai, minti 20, kwana uku ko huɗu a mako, ana ƙara sauri kaɗan-kaɗan. Wanda ya wuce hamsin, ko mai ƙiba, ko mai ciwon gwiwa, yana iya tsayawa a nan har abada yana ƙara minti, bai rasa komai ba. Matashi mai son gudu, daga mako na uku sai ya riƙa sassarfar minti 1, tafiyar minti 2, ya maimaita kamar sau takwas, kuma ya bar kwana ɗaya tsakanin fita da fita, domin a ranar hutu ne tsoka ke gyara kanta. Kowane mako a tsawaita sassarfar kaɗan, a rage tafiyar. Minti 5 na farko a fara a hankali jiki ya ɗumama. Na ƙarshe ma haka, kada a tsaya cak, domin jini na taruwa a ƙafafu mutum ya ji jiri. Tsamin jiki da ke zuwa washegari ko jibi ba cuta ba ce, yana wucewa. Ciwon da ke soka a gaɓa ɗaya, wanda ke sa ɗingishi, shi ne ake tsayawa dominsa.

Akwai waɗanda ba za su fara ba sai sun ga likita: mai ciwon zuciya, mai hawan jinin da bai daidaita ba, mai sikila, mai asma, da wanda ya taɓa suma. Mai ciwon suga da ke yin allura ko shan ƙwayar da ke sauke sukari, kada ya fita ba dabino ko ƙwayar sukari a aljihu, in ya ji rawar jiki da zufa mai sanyi ya tsaya ya ci. Wanda zazzaɓin cizon sauro ya kayar, ya bari sai ya gama magani ƙarfinsa ya dawo. Duk wanda kuma ya ji nauyi ko matsi a ƙirji, musamman in yana gangarawa hannun hagu ko muƙamuƙi, wannan ba gajiya ba ce. A tsaya, a nemi abin hawa, a tafi asibiti nan take.

Daren jiya ne ke yanke hukunci

Mun lura duk wanda ya daina fitowa, in ka bincika, ba da safe aka ci shi ba, tun dare aka ci shi. Wanda ya kai ƙarfe 1 yana kallon ƙwallon Turai ko yana latsa waya, da shayi mai ɗaci a cikinsa, ko sallar ma da ƙyar zai same ta, balle tattaki. An ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ba ya son hira bayan Isha'i. Babba na bukatar barcin awa 7 ko sama, kuma alfijir a garin nan yakan keto tun wajen ƙarfe 5 a farkon damina. Sai kowa ya yi lissafin lokacin kwanciyarsa da kansa. Abin da ya ragu a cike shi da ƙailula.

Dabarar da ta fi yi mana amfani ƙarama ce: kada ka koma gida bayan sallama. Wanda ya ce bari in je in sauya kaya, katifa ce za ta karɓe shi. Tun dare a ajiye takalmi da safa da gorar ruwa a bakin ƙofa, a sa wando mai sauƙi a ƙarƙashin jallabiya, a zo masallaci a shirye. Sai aboki. Ranar da zuciya ta ce yau dai a huta, sanin cewa Alhaji wane na tsaye a ƙofar masallaci yana jira ya fi kowane wa'azi tayar da mutum. Ku zama biyu ko uku, masu tafiya kusan ɗaya, kada a haɗa ɗan ashirin da ɗan sittin a ce su jera.

Wasu suka ce, to Malam, ina zaman zikiri har fitowar rana? Ina lazimi, ina karatun safe? Tambaya ce mai kyau kuma ba ma so a raina ta. Ya tabbata Manzon Allah (SAW) yakan zauna a wurin sallarsa bayan Asuba har rana ta fito, ba kuma za mu ce wa kowa ya bar wannan don gudu ba. Amma mako kwana bakwai ne. Mu abin da muke yi, kwana uku muna fita, sauran muna zaune. A ranakun fita ma muna gama azkar ɗin bayan sallah tukuna, wanda a hunturu ya yi daidai, domin a watan Janairu rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 7, gari na daɗewa bai waye ba. Tasbihi da istigfari da salati kuma ba su bukatar zama, ana yin su ana tafiya. Mai wuridin da ke da sharuɗɗansa ya gama shi kafin ya fito. Ɗalibai masu darasin safe, naku lokacin shi ne Alhamis da Juma'a da ba a karatun allo, da kuma bayan La'asar in rana ta yi sanyi.

Ranar da aka fasa fa? Za a fasa, babu makawa. Baƙo zai zo, za a yi jana'iza, ruwa zai sauka. Matsalar ba fashin kwana ɗaya ba ce, matsalar ita ce mutum ya ce tun da na karya shi ke nan. Mahaddacin da ya kwana biyu bai yi tilawa ba ai ba ya ajiye Alƙur'ani, komawa yake yi. Nana A'isha ta ba mu labarin cewa aikin da ya fi soyuwa shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne. In ba ka jin ƙarfi, ce wa kanka minti 10 kawai zan yi. Sau da yawa in ƙafa ta ɗumama sai ka ga ka cika talatin. Wasu na samun ƙarfin gwiwa da yin alama a kalandar bango duk ranar da suka fita, ba laifi. Abin da muke ja wa matasa kunne a kai shi ne ɗaukar hoto kullum ana sawa a WhatsApp. Niyyar da ta mayar da tattaki ibada, wato neman ƙarfin tsayuwa a sallah da neman halal, ita ce kuma son a gani ke cinyewa. Masu sha'awar kokawa sun san Issaka Issaka na Dosso bai ɗauki takobi sau da dama don hoto ba, wahalar da ba a gani ita ta kai shi.

Hanya, yanayi da sutura

Garinmu yana da nasa sharuɗɗan da littafin Turawa ba zai gaya maka ba. Babbar kwalta da ta taho daga Kandi hanyar manyan motoci ce, kuma direban da ya kwana yana tuƙi ba lallai ya ga mutum a duhun asuba ba. In dole sai ka bi ta, ka kama gefen hagu yadda za ka riƙa fuskantar motar da ke tahowa, ka sa farar riga, kada ka toshe kunne da abin sauraro. Filin ƙwallo ko filin makaranta ya fi mana kwanciyar hankali, ƙasa kuma ta fi kwalta sauƙi ga gwiwa. Kada a nufi gada ko shingen jami'an tsaro da gudu cikin duhu. Halin da yankin nan ke ciki kowa ya san shi, mutumin da ke kan aiki bai san niyyarka ba. A riƙe katin shaida, a gaya wa na gida hanyar da aka bi, kada kuma a yi nisa cikin daji.

Gefen gonakin shinkafa akwai iska mai daɗi, amma sai gari ya waye sosai, saboda maciji a kan kunya da sauro da bai gama watsewa ba. Ɗalibai, ku ji wannan: in zufa ta karyo, kada ku faɗa magudanar ruwan gona ko gefen kogi don ku huce. A irin wannan ruwa ake ɗaukar tsargiya, mai sa fitsarin jini. Kare kuma in ya biyo ka, tsayawa ake yi a ja da baya a hankali, gudu ƙara masa ƙaimi yake yi. In ya yi cizo a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a tafi asibiti ranar, kada a tsaya jiran a ga abin da zai faru.

Daga Maris zuwa Mayu zafin garin nan yakan haura digiri 40 da rana, wani lokaci ko asubar ba ta yin sanyi. A wannan lokaci a rage tsawo, a rage sauri, a dawo kafin rana ta ɗaga. Mai gudu cikin zafi na iya zubar da zufa lita guda a awa ɗaya. A sha kofi ɗaya ko biyu na ruwa kafin a fita, a sha bayan an dawo, a duba fitsari: in ya yi ja kamar shayi, ruwa bai isa ba. Wanda ya fara ciwon kai da tashin zuciya da jiri, a kai shi inuwa a jiƙa masa jiki a ba shi ruwa. In ya fara surutai ko ya rikice, wannan bugun zafi ne mai kisa, ana zuba masa ruwa ana neman mota. A hunturu kuwa matsalar ƙura ce da sanyi. Ranar da hazo ya rufe har ba ka hango tsallaken kogi, mai asma da mai tari su zauna gida, sauran su rufe hanci da rawani su yi tafiya kawai. Sanyi na ɓoye ƙishirwa, amma iskar busasshiya ce, a sha ruwa ko ba a ji ba.

Da azumi ba ma fita gudu bayan Asuba, domin ruwan da aka zubar ba shi da madadi sai Magariba. Tafiya mai sauƙi dab da shan ruwa, ko bayan Tarawihi in abinci ya faɗa, ta wadatar har a sallace.

Takalmi ba sai mai tsada ba. Abebe Bikila na Habasha ya ci gudun fanfalaki na kilomita 42 a gasar Olamfik ta birnin Rum a 1960 ba takalmi a ƙafarsa. Sai dai shi bai bi ta bayan kasuwarmu ba, inda kwalba da ƙusa da ƙaya ke jira. Na gwanjo ya isa, in dai tafinsa bai cinye ba kuma akwai sararin faɗin babban yatsa a gaba. A gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a sa safa. Silifa da fed ba na gudu ba ne. Mai ciwon suga ya riƙa duba tafin ƙafarsa bayan kowace fita, domin ƙaramin rauni a wurinsa ba ƙarami ba ne.

Sutura kuma, tsiraicin namiji daga cibiya ne zuwa gwiwa, filin wasa bai ɗauke wannan ba. Gajeren wandon 'yan ƙwallo a bar shi, dogon wando mara nauyi ya fi, yana ma kare ƙafa daga sauro. Masu naɗe jiki da leda ko rigar ruwa wai don kitse ya narke, ruwan jikinku kawai kuke zubarwa, kuma kuna kiran bugun zafi da hannunku. Zufa ba najasa ba ce, ba ta kuma karya alwala. Amma wanda aka hana shiga sahu da warin ɗanyar albasa, mu kuwa mun san albasa a garin nan, bai kamata ya shigo aji ko masallaci da rigar da ya yi gudu da ita ba. A yi wanka, a sauya.

Wani ɗalibi ya tambaye mu game da tsere da sa kuɗi. Malamanmu na Malikiyya, kamar yadda yake a babin tsere na Mukhtasar ɗin Shehu Khalil, sun halatta sanya lada a tseren dawaki da raƙuma da harbi, tseren ƙafa kuwa sun halatta shi in babu kuɗi a ciki. Saboda haka ku yi tserenku don nishaɗi da ƙarfafa juna. Amma kowa ya zuba ɗari biyar wanda ya ci ya kwashe, wannan caca ce ko da an sauya mata suna.

Iyayenmu mata da ɗalibai mata, maganar nan har da ku, hawan jini da suga ba su san hijabi ba. Mai daka da ɗiban ruwa da surfe tana samun rabonta. Wadda ke wuni zaune a rumfa ko a ɗaki ita ce abin ji. Ba sai an fita titi ba: zagayen tsakar gida na minti 20, ko mata uku huɗu su haɗu su taka zuwa gidan 'yar uwa maimakon hawa babur, ko harabar Islamiyya kafin yara su zo. A wata ruwayar tseren Nana A'isha, sai da aka ce wa jama'a su yi gaba tukuna aka yi shi, wato an nema mata sutura, ba a hana ta ba. Magidanta su lura da wannan. Mai juna biyu tafiya na yi mata kyau, amma ta fara tambaya a wurin awo.

Masu son su bi mu, muna tashi daga ƙofar masallaci ta gabas ranakun Asabar, Litinin da Laraba, bayan an gama azkar kuma an fara gane fuskar mutum. Dattawa na tafiya, matasa na gaba da sassarfa, kowa na dawowa cikin minti 30. A zo da ruwa. Wanda ya haura shekara arba'in kuma bai taɓa auna jininsa ba, ya fara zuwa a auna shi, ya zo mana da lambar a rubuce.